Ruwan teku ba ruwan Tiga ba ne: Martani ga mai cewa wankin mota bayan kamun kifi ɓata lokaci ne

Na karanta makalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar a wannan fili, inda ya yi wa masu zuwa kamun kifi bakin teku dariya saboda ɗawainiyar da suke sha da motocinsu in sun dawo gida. Rubutun ya yi daɗin karatu, Malam ya iya zolaya, kuma na san da yawa sun ji sanyi a ransu da aka ce musu wahalar da suke gudu dama ba ta da amfani. Sai dai daɗin baki ba ya hana ƙarfe tsatsa. Shi ya sa na ga ya dace in ɗauki alƙalami tun kafin wani ya yi aiki da shawarar, ya wayi gari motarsa na ruɓewa daga ƙasa.

Ga abin da Malam ya faɗa a taƙaice, don kada a ce na yi masa ƙari. Na farko, motocin zamani an riga an yi musu rigakafin tsatsa tun daga masana'anta, saboda haka tsoron gishiri tsohon labari ne na zamanin Fijo 404. Na biyu, in mota ta sha yashi a bi da ita ta gefen ruwa igiya ta ɗauraye ta, sauran rana ta busar, a kai ta wanki duk ranar da aka samu sarari. Na uku, wanda hankalinsa bai kwanta ba ya sa a fesa wa ƙarƙashinta baƙin mai kamar yadda direbobin da suke yi. Ƙarnin kifi kuwa, a ganinsa, turare da sauke gilashi sun wadatar. Hujjarsa ita ce ya daɗe yana zuwa fatsa da motarsa a Tiga da Kainji, bai taɓa kwanciya ƙarƙashinta da tiyo ba, kuma ga ta nan garau.

Akwai inda muka yi tarayya. Gaskiya ne an mai da tsoron tsatsa kasuwa. Ana sayar da ruwan kwalba mai tsada da sunan yana kashe gishiri, alhali mafi yawan aikin ruwan famfo ne ke yin sa. Ana liƙa wa batir wata 'yar na'ura a ce tana korar tsatsa da lantarki. Dabarar tana aiki a jirgin ruwa da bututun da ke binne a ƙasa mai danshi, domin suna nutse cikin abin da lantarkin zai bi ya zagaye su, amma motar da ke tsaye kan tayoyin roba a sararin iska ba ta cikin wannan hali. Gaskiya ne kuma bodin motar yau ya fi na shekarun 1970 jure wa tsatsa, nesa ba kusa ba. Da a nan Malam ya tsaya, da na sa hannu a ƙarƙashin rubutunsa.

Matsalar tana ga ma'aunin da ya ɗauka. Tiga da Kainji ruwan daɗi ne, haka Matan Fada na Argungu, haka Tafkin Chadi. Masu karanta Hausa kuwa ba a Arewa kaɗai suke zaune ba. Akwai 'yan'uwanmu a Agege da Idi-Araba, a Nima da Sabon Zango na Akra, a zangon Kwatano da na Lome, a Port Sudan da Jidda. Wasu ranar hutu suke ɗaukar sandar fatsa su nufi Badagry ko gaɓar Lekki. Wasu sana'a ce ke kai su, su ja mota har inda kwale-kwale ke sauke kifi a Elmina ko Tema su yi lodi. Waɗannan su ne za su karanta shawarar Malam su gwada ta a inda ba ta ci.

Lita ɗaya ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35. A Bahar Maliya, inda Jidda da Port Sudan suke, yakan kai giram 40, saboda zafin rana da ƙarancin ruwan sama da rashin manyan koguna masu zuba a ciki. Ruwan kogi da na dam kuwa bai kai giram 1 ba. Wato in ka cika jarka mai lita 25 a bakin teku ka bar ruwan ya ƙafe, abin da zai rage a gindinta ya doshi kilo guda. Ita kuma tsatsa lantarki ne ke tafiyar da ita: wani sashe na ƙarfen yana narkewa, wani sashen yana karɓar iskar oksijin, ruwan da ke kwance a kansu ne ke haɗa su. Ruwan daɗi da ƙyar yake ɗaukar lantarki, ruwan gishiri kuwa cikin sauƙi. Ƙari a kan haka, sinadarin kuloraid da ke cikin gishiri yana huda siririn rufin da ƙarafa irin alminiyam ke yi wa kansu, ya shiga yana cin rami.

Injiniyoyi sun san wannan sarai. In suna so su gwada ƙarfin fenti ko rufin ƙarfe cikin gaggawa, akwati suke sa shi su riƙa busa masa hazon ruwa mai gishiri kashi 5 cikin 100 a zafin digiri 35. Sunan gwajin ASTM B117, kuma tun 1939 yake. Hazon gishiri, ɗumi da lokaci, su ke nan kayan aikin. Abin da ake haɗawa da gangan a ɗakin gwaji don a lalata ƙarfe, kusan shi motar mai fatsa ke sha kyauta in ta wuni a gaɓa, ko da tayarta ba ta taɓa ruwa ba, domin iskar da ke kaɗowa daga teku ɗauke take da feshinsa.

Sai batun a bari rana ta busar, wanda a nan ne Malam ya fi yin nisa da gaskiya. Ruwa ne ke tafiya in rana ta buga. Gishirin yana nan inda yake, ya ma ƙara ƙarfi tunda ya taru wuri ɗaya. Halinsa ne kuma jawo laima daga iska. Gishirin girki yana fara jiƙa kansa da zarar danshin iska ya kai kashi 75 cikin 100, mizanin da Legas da Kwatano da Akra ke haurawa a yawancin darare. Wani gishirin da ke cikin ruwan teku, na magniziyam, kashi 33 kacal yake buƙata. Motar da ka gani a bushe ƙayau da la'asar, kafin asuba farin nan da ke maƙale a ƙarƙashinta ya koma ruwan gishiri mai kauri, ya kwana yana aiki. Ko ka tuƙo ta zuwa Kano, hunturu zai ɗan sassauta abin ne kawai, damina na sauka ya ɗora daga inda ya tsaya. Gishiri ba ya ƙarewa a wajen cin ƙarfe, sai dai a kore shi da ruwa.

Rigakafin masana'anta da Malam ya dogara da shi tabbas akwai shi. Tun tsakiyar shekarun 1980 kamfanin Audi ya fara fitar da motoci masu bodin da aka lulluɓe gaba ɗaya da zink, wasu suka bi sahu, ana kuma tsoma bodin cikin kwatamin fenti da lantarki ke manna shi a kowane lungu. Amma yadda zink ke kare ƙarfe shi ne ya bari a ci shi a madadin ƙarfen. Ƙarewa yake yi ke nan, kuma gishiri ya fi komai saurin cinye shi. Mai son gani da ido ya dubi kwanon rufi, shi ma ƙarfe ne mai rufin zink. Kwanon da zai shekara da shekaru yana walƙiya a Damagaram ko Katsina, a kai shi unguwar masunta ta Jamestown a Akra, a ga yadda zai koma ja ya fara huji tun maigidan bai manta nawa ya saye shi ba.

Sannan mota ba bodi ba ce kaɗai. Motocin da ake shiga yashi da su, Hilux da jif da a-kori-kura, bodinsu a kan shasi yake zaune, shasin kuma galibi baƙin ƙarfe ne da fenti, wanda tsakuwa da yashi ke kankarewa kullum. Ga sifirin, ga bututun birki da na mai, ga maɗaurin tanki da salansa da notuna. A 2016 Toyota ta amince, ba tare da amsa laifi ba, da wani sulhu a Amurka da ƙimarsa ta kai dala biliyan 3.4, kan motoci kusan miliyan 1.5 samfurin Tacoma da Tundra da Sequoia waɗanda masu su suka kai ƙara cewa shasinsu na ruɓewa. Motocin 2005 zuwa 2010 ne, ba na zamanin Fijo ba, kuma inda ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara ne abin ya fi tsanani. Shekara guda kafin nan, hukumar NHTSA mai kula da lafiyar motoci a Amurka ta rufe binciken da ta yi kan tsatsar bututun birki a wasu motocin kamfanin GM, kuma shawarar da ta ba mazauna jihohin gishiri ita ce su riƙa wanke ƙarƙashin mota. Bututun birki in ya huje, mai ya zube, ƙafa ta nutse har ƙasa, magana ta wuce ta kwalliya.

Su kansu masu ƙera motar ba su tare da Malam. Duk mai littafin da ke zuwa da mota ya buɗe babin kula da bodi. A na Toyota an jera lokutan da ya kamata a wanke mota nan take, kuma tuƙi a kusa da gaɓar teku na sahun gaba. Ga wani abin kuma da ya shafe mu musamman: yawancin motocinmu na hannu ne, sun sauka a Kwatano ko Apapa bayan sun sha shekaru a Turai da Amurka da Kanada, wasu a garuruwan da ake yayyafa gishiri duk lokacin sanyi. Rigakafin da Malam ke taƙama da shi an riga an ci wani abu daga cikinsa kafin motar ta iso hannunmu.

Da Malam zai leƙa gareji a Legas, wajen masu walda, ya sauka ramin da ake duba mota, da muhawarar ta ƙare a nan. Za a kawo mota fes, fenti na ɗaukar ido, an goge tayoyi har suna sheƙi. Bakanike ya haska fitilar waya, ya ɗauki sukudireba yana ƙwanƙwasa shasi daga gaba zuwa baya. Inda ƙarfe ke da lafiya ƙara take tashi ƙwal-ƙwal. Da ya iso wajen tayar baya, inda sifirin ke kama shasi, sai ƙarar ta mutu. Ya danna, bakin sukudireban ya shige, jan gari da ɓawon tsatsa su zubo masa a fuska, damƙar yashi mai laima ta biyo baya. Sai ya ɗago kai ya ce wa mai motar, “Alhaji, wannan ta sha ruwan teku, daga ciki ta ci.” Shasin irin waɗannan motoci rufaffen ƙarfe ne mai rami a ciki da 'yan ƙofofi a gefe. Yashi mai gishiri yana shiga ta ƙofofin, ya toshe hujin da ruwa ke fita, ya kwanta abinsa. Mai wankin mota na bakin titi, da bokitinsa da sosonsa, bai taɓa kai hannu nan ba, kuma ba laifinsa ba ne, jiki aka ce ya wanke.

Shawarar a bi ta gefen ruwa igiya ta ɗauraye mota ita ce mafi haɗari a duk rubutun. Taya na juyawa tana watsa ruwan gishiri cikin kowane saƙo da yashin ma bai kai ba. Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani. Akwatin giya da aksil suna da 'yar ƙofar shaƙar iska a samansu. In sun ɗauki zafi da tafiya cikin yashi aka tsoma su a ruwa mai sanyi, iskar ciki takan tsuke ta zuƙo ruwa ta wannan ƙofa ko ta gefen sil. Man giya ya koma launin madara, bayan 'yan makonni boris ya fara kuka, mai mota yana mamakin daga ina. Ban da haka, yashin da igiya ke taɓawa zaizayewa yake a ƙarƙashin taya in mota ta tsaya ko na ɗan lokaci, teku kuma in ya fara cikowa ba ya jiran a nemo mai jan mota.

Mu tambayi waɗanda bakin teku ne titinsu. A tsibirin K'gari na Ostareliya, wanda aka daɗe ana kira Fraser, gaɓar gabas hanya ce a hukumance, da iyakar gudu ta kilomita 80 a awa da 'yan sanda masu sintiri, kuma masu fatsa ne ke cika ta a lokacin kifi. Kamfanonin da ke ba da hayar jif a can suna rubuta wa mai haya a takardar yarjejeniya cewa kada ya kuskura ya shiga ruwan gishiri, in ya shiga zai biya. A garin Rainbow Beach, inda da yawa daga masu dawowa daga tsibirin ke biyowa, akwai wuraren wanki da aka gina musamman don feshin ƙarƙashin mota. Mutanen da suka fi mu sanin yashi da gishiri, masu motocin da suka fi namu sabunta, su ne suka fi kowa tsoron abin da Malam ke wa dariya.

Baƙin mai kuwa, na fahimci inda dabarar ta samo asali. Maiƙo yana hana ruwa zama a kan ƙarfe, kuma direbobin manyan motoci na da sun ga amfaninsa. Amma in an fesa shi a kan gishirin da ba a wanke ba, an lulluɓe gishirin ne a jikin ƙarfen, an kuma hana ruwan wanki na gaba isa gare shi. Yashi yana manne wa maiƙo ya zama dunƙulen datti mai riƙe laima. Man yana kumbura robobin da ke riƙe ƙafafun mota ya sassauta su. In ya taɓa birki, birkin ya rage kamu. In ya ɗiga a salansa mai zafi hayaƙi ne, wani lokacin wuta. Man da ya gama aiki a inji cike yake da dattin ƙuna da ɓurɓushin ƙarafa masu guba, yaron garejin da ke fesa shi ba takunkumi kuma shaƙa yake yi.

Ina kuma yake ɗiga? A yashin da za a koma fatsa mako mai zuwa, da kwatar unguwa, da kusa da rijiyar maƙwabci. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta daɗe tana gargaɗin cewa man da aka juye daga mota ɗaya sau ɗaya zai iya gurɓata ruwan daɗi galan miliyan 1. Bai dace mai son kifi ya zama shi ke zuba wa kifi guba ba. Wanda ke son ƙarin kariya, akwai kakin da aka yi domin cikin shasi, akwai man feshi na lanolin da ake samu daga maiƙon gashin tumaki. Sharaɗinsu ɗaya ne: a wanke, a bari ya bushe, sannan a fesa.

Mu shiga cikin motar. Ƙarnin kifin teku yana da sanadi. Kifin na ɗauke da wani sinadari a tsokarsa da ke taimaka masa zama cikin ruwan gishiri. In ya mutu, ƙwayoyin cuta su farfasa sinadarin ya koma wani mai suna tirimetilamin, shi ne warin nan mai hawa kai. Kifin ruwan daɗi ba shi da shi da yawa, wani dalilin ke nan da ya sa ƙarfasa da tarwaɗa ba su koya wa Malam darasin ba. Turare ba ya kashe wannan wari, hawa kansa yake yi a samu wari biyu. Sinadarin ɗan gidan su kanwa ne, saboda haka abu mai tsami ke karya shi, ruwan lemun tsami ko binega da aka surka. Jini kuma da ruwan sanyi ake wanke shi, ruwan zafi dafa shi yake yi ya kama zare. A guji zuba ruwan bilic na wanki a kan ƙarfen mota, shi ma yana cin ƙarfe, kuma kada a kuskura a haɗa shi da binega, iskar da ke tashi guba ce.

Abin da ya fi warin muni shi ne inda ruwan ya tafi. Ruwan ƙanƙara da ya gauraya da jini da yauƙin kifi, da wanda ke ɗiga daga raga da takalmi da wandon mai fatsa, yana ratsa kafet ya shiga soson da ke ƙarƙashinsa. Soson nan ba ya bushewa don an sauke gilashi. Kwance yake a kan ƙarfen daɓen mota, inda wayoyi da soket-soket suka bi, a wasu motocin ma har da ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin kujera. Jan ƙarfen waya ya yi kore, fitilar gargaɗi ta kama yau ta mutu gobe, mai gyaran waya ya yi ta lalube yana karɓar kuɗi. A but kuma ruwan ramin safaya taya yake gangarawa ya taru. Duk direban da ya yi dakon ɗanyen kifi zai gaya maka sau da yawa daɓen mota ne ke hujewa tun inji bai gaji ba.

Rabin aikin tun kafin a tashi ake yin sa. Kifi ya shiga kula mai murfi da toshe mai kyau, kular ta zauna cikin baho ko a kan tamfol mai naɗaɗɗen baki. A sa tabarmar roba a wajen ƙafa maimakon ta zare. A tafi da jarkar ruwan daɗi don ɗauraye ƙafa da hannu da sandar fatsa kafin a shiga mota, jiƙaƙƙun kaya kuma su shiga bokiti mai murfi. A ajiye mota can baya a busasshen yashi, nesa da inda ruwa ke kaiwa in ya ciko. In da hali ma a bar ta a tudu a ƙarasa da ƙafa.

In an dawo, wanki a ranar ne, in an makara washegari da safe. A bar inji da birki su huce tukuna. Daga ƙasa ake farawa, domin nan ɓarnar take, kuma yawan ruwa ake so fiye da ƙarfinsa. Injin feshi mai ƙarfi in an matso da shi kusa yana tura gishiri da yashi cikin boris da soket, ya yaga robar da ke rufe gaɓoɓin ƙafa. Tiyon gida ya isa. A zura bakinsa cikin ƙofofin shasi ɗaya bayan ɗaya, a bar ruwa na gudu har ya daina fitowa da yashi. A bi cikin madigadi da yatsa, musamman leɓen nan da ke naɗe ciki inda laka ke kwanciya. A bi bayan tayoyi, da saman tanki, da bayan bamba, da saman safaya taya a motocin da take rataye a ƙasa. Lagireto da na'urar sanyi da ke gabansa siririn alminiyam ne, a bi su da ruwa a hankali. Cikin bonet a yayyafa sama-sama, a kauce wa altaneta da akwatin fis da bakin shaƙar iska.

Sai an gama da ƙasa ake hawa jiki, kuma ruwa ne ke fara taɓa shi kafin soso. Yawancin yashin gaɓa garin farin dutse ne da ya fi gilashi tauri. Wanda ya sa tsumma ya goge busasshiyar mota mai yashi, da hannunsa ya karce fentin da yake ji da shi. A nemi sabulun mota, domin omo yana wanke kakin da ke kare fenti. A buɗe ƙofofi a wanke bakinsu, a tabbatar hujin da ke gindin kowace ƙofa a buɗe yake. A fitar da tabarmi, a ɗaga kafet in ruwa ya ratsa, a bar iska da rana su shiga. A ciro matatar iska a kakkaɓe. Daga ƙarshe a ɗan zaga da motar ana taka birki a hankali don ya bushe, kuma kada a ja birkin hannu a kan jiƙaƙƙen birki a tafi a bar shi kwanaki, yakan kama.

Na san abin da za a ce: ruwa tsada gare shi, mai ruwa ba ya ba da jarka kyauta, ga mutum ya dawo a gajiye. Haka ne. In ruwan kaɗan ne, a bar jikin da ƙurarsa a ba ƙasa, fenti zai iya jira. A kuma ɗanɗana ruwan kafin a yi wanki da shi, domin rijiyoyi da burtsatse da dama a unguwannin da ke daf da teku, irin su Lekki, zartsi gare su, wanke gishiri da gishiri kuwa aikin baban giwa ne. Sannan a gwada kuɗin 'yan jarkokin ruwa da kuɗin walda da facin shasi, ko na sauya bututun birki, ko faɗuwar farashin mota ranar da dillali ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta.

Ranar sayarwar nan ma abin dubawa ce, kuma ta nan maganar ke isowa Arewa. Motoci da yawa da suka gaji a garuruwan gaɓa a hannun dillalan Kano da Kaduna da Maraɗi suke ƙarewa. Masu saye sun daɗe da koyon leƙa ƙasa in an ce motar daga Legas take. Baƙin man da Malam ke yabo shi ne abin da marasa tsoron Allah ke shafe ƙarƙashin mota da shi, tsatsa ta ɓuya, ƙarfe ya yi baƙi ƙirin a zaci lafiyayye ne. Addininmu ya hana ɓoye aibin kaya a ciniki, balle aibin da zai iya tsinke birki da iyalin wani a ciki. Wanda ya wanke motarsa a kan kari ya huta da wannan jarrabawa, ba shi da abin ɓoyewa.

Malam ya faɗi gaskiya game da motarsa, Allah ya ƙara mata lafiya. Kuskurensa shi ne ya ɗauki abin da ya gani a ruwan daɗi ya yanke wa teku hukunci da shi. Ina roƙonsa, da girmamawa, ya janye shawarar bi ta cikin igiya da ta fesa baƙin mai, domin su biyun za su iya jawo asarar dukiya, har da ta rai. Kai kuma mai karatu da ke zuwa bakin teku, don nishaɗi ne ko don neman abinci, ranar da ka dawo kada ka kwanta sai ka ba ƙarƙashin motarka ruwan daɗi.